Giren 150 da ake rubutawa a bindigar ɗuri ta zamani: iyaka ce ko ma'auni?

Maharbin_Kaltungo:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Bindigogin ɗuri na zamani nake nufi, irin waɗanda ake karyawa a tsakiya a sa firaima, wato 'yar hular da ke kunna wa albarushi wuta, ta baya, amma albarushi da harsashi ta baki ake ɗura su. Kaliba .50, wato faɗin ramin bututun rabin inci ne. Littafin da ke zuwa da yawancinsu yana cewa suna ɗaukar albarushi har giren 150. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu: wasu sun ce tunda kamfani ya rubuta 150, a nan bindigar take ba da ƙarfinta da saitinta, wanda ya zuba ƙasa da haka ya cuci kansa. Wasu sun ce ba haka ba ne. Na biyu, za a iya auna wannan 150 ɗin da ɗan sikelin masu sayar da gwal? Na uku, adakar gida fa, lissafin ya shafe ta?

Injiniya_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta biyun, domin ita ce mai cire yatsu.

Giren asalinsa ma'aunin nauyi ne. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, wato giren 100 giram 6.48 ke nan. Amma a harkar bindigar ɗuri, in an ce giren 100 ko 150, cikar ma'auni ake nufi, ba nauyi a sikeli ba. Akwai ɗan bututun tagulla mai lambobi a jiki, ka ja shi zuwa 100, ka cika, ka share bakin, shi ke nan. An tsara shi ne a kan baƙin albarushi na asali, wanda cikarsa da nauyinsa suke kusa da juna.

Matsalar tana zuwa ne da sababbin albarushin da suka maye gurbinsa, don sun fi shi rashin nauyi. Pyrodex in ka cika ma'aunin 100 ka ɗora a sikeli, abin da za ka gani bai wuce giren 70 da 'yan kai ba. To in mutum ya ɗauki sikelin gwal ya auna nauyin giren 150 na Pyrodex, ya zuba abin da ya haura 200 a ma'aunin cika. Ya wuce iyakar da fiye da kashi ɗaya cikin uku, shi kuwa a ransa littafi yake bi.

Malam_Lissafi_Azare:
Ƙari a kan bayanin Injiniya. Blackhorn 209 ma haka ne, kuma nasa lissafin a fili yake: ka ninka cikar da 0.7 ka samu nauyi. Iyakar da ake ba shi a irin waɗannan bindigogi cika 120 ce, wato nauyin giren 84, giram 5.44 ke nan. Ba 150 ba. Wanda ya rikita ya auna nauyin giren 120 a sikeli, ya zuba cika 171.

Sikeli ba haramun ba ne, masu neman saiti na ƙwarai ma da shi suke aiki don ya fi ma'auni daidaito. Sharaɗin shi ne ka san lambar da kake nema ta nauyi ce ta wannan albarushin takamaimai, ka rubuta ta a jikin gwangwanin. Kuma a lura da sikelin gwal ɗin nan, maɓalli ɗaya ne yake juya shi daga giram zuwa giren zuwa karat. "g" daban, "gn" daban.

Dan_Bogoro77:
To ai ni ban ga abin tsoro ba. Kamfani ba zai rubuta 150 ba sai ya gwada da abin da ya fi haka. Albarushi mai yawa, gudu mai yawa, harsashi ya tafi a miƙe. Ina laifin?

Injiniya_Yelwa:
@Dan_Bogoro77 ɗan'uwa, 150 ɗin rufin ɗaki ne, ba wurin zama ba. Kuma tana da sharuɗɗa a ƙasanta waɗanda mutane ba sa karantawa: wane albarushi, gari ne ko dunƙule, harsashi mai nauyin nawa. Galibi 150 ɗin nan dunƙule uku ne masu giren 50 kowanne. Triple Seven na gari ya fi baƙin albarushi ƙarfi, shi ya sa kamfanin Hodgdon da ke yin sa ya ce a rage kashi 15 cikin ɗari in ana son a daidaita shi da baƙin. Wato cika 85 nasa tana aikin 100 na wancan. Nauyin harsashi ma yana ɗaga matsi. Cikar da ta zauna lafiya a bayan harsashi mai giren 250 ba lallai ta zauna lafiya a bayan dalma mai giren 400 ba, saboda mai nauyin yana jinkirin motsawa, matsin ya taru a bayansa.

Batun gudu kuma, ba a layi ɗaya suke tafiya da albarushi ba. Da harsashi mai giren 250, cika 100 tana ba da wajen mita 500 a daƙiƙa, 150 kuma wajen 600. Ka ƙara albarushi da rabi, gudun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Sauran ya tafi a wuta da hayaƙi da dukan kafaɗa.

Kawu_Sale_Dass:
Dukan kafaɗar nan kar a raina shi. Mutum in ya sha shi sau biyar, jikinsa yana koyon tsorata. Kafin kunama ta faɗi ya riga ya runtse ido ya tura kafaɗa gaba, bakin bindiga ya sunkuya. Sai ya ce bindiga ba ta da saiti. Gwajin mai sauƙi ne: wani ya riƙa sa maka firaima a ɓoye, wani lokaci mai rai wani lokaci wadda ta riga ta tashi. Ranar da ka ja a kan matacciyar, kowa zai ga yadda bakin ya yi ƙasa.

Gwanin_Saiti_Gombe:
Bari in koma ainihin tambayar Maharbin_Kaltungo, wato ina saiti yake zama. Babu lamba ɗaya, kowace bindiga da abin da take so, amma a kaliba .50 mai harsashi cikin rigar roba, wato robar da ake sa harsashi a ciki don ya cika ramin bututu, yawanci tsakanin cika 80 da 110 ake samun harbin da ya fi haɗuwa wuri ɗaya. Ga yadda ake nemo shi.

Ka zauna a teburi, ka ɗora gaban bindigar a buhun yashi, wani ƙaramin buhu a ƙarƙashin gindinta. Allo a mita 50 tukuna, bayansa tudun ƙasa ko ganuwa, ba fili ba. Ka fara da cika 80. Harbi uku a wuri ɗaya, kar ka taɓa saitin ko da sun faɗi gefe, don ba tsakiyar allo kake nema yanzu ba, kusancin ramukan da juna kake nema. Ka auna tazarar ramuka biyun da suka fi nisa, ka rubuta. Sabon allo, cika 90, harbi uku. Sai 100, sai 110. Za ka ga ramukan suna matsowa, sannan a wata lamba su fara watsewa. Ka dawo kan wadda ta fi, ka gwada biyar sama da biyar ƙasa, sannan ka koma mita 100. Sai bayan nan ake murɗa saiti.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza albarushi da harsashi da firaima tare, ba ka san wanda ya yi aikin ba.

Tsakanin kowane harbi, ƙyalle ɗaya mai ɗan danshi, ba jiƙaƙƙe ba, sannan busasshe ɗaya. Kuma ƙarfin da kake danna harsashi da sanda ya zama iri ɗaya kullum. Wannan kaɗai yana iya buɗe tazara da yatsu biyu.

Bayan ka gama, ka taka gaba kamar taku goma zuwa ashirin ka tsinci rigunan robar a ƙasa. Su ne shaidu. Wadda ta fita lafiya za ka ga fukafukanta sun buɗe kamar fure, gindinta mai kama da ƙoƙo yana nan cif. In ka ga gindin ya tsage, ko ya narke gefe guda, ko fiffike ya cire, to iskar wuta ta tsere ta gefen harsashi, cikar ta fi ƙarfin robar. A 150 abin da aka fi tsinta ke nan.

Maharbin_Kaltungo:
Madalla, Allah ya ƙara sani. Wannan na tsintar roba ban taɓa jin sa ba.

Auwal_Misau:
A ƙara da zafin gari. Wanda ya rubuta littafin nan a ƙasar sanyi yake zaune. A nan kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yana taɓa digiri 40, bututu ya sha rana, ya ƙara da zafin harbi. Roba in ta shiga bututu mai zafi tana laushi tun kafin a harba. Sai ka ga harbi na farko da na biyu sun haɗu, na uku ya yi nasa wuri. A yi gwaji da sassafe bayan asuba, a inuwa, a bar minti biyar zuwa goma tsakanin harbi. In ba ka iya riƙe bututun a tafin hannu ba tare da jin zafi ba, bai huce ba.

Damina kuma nata daban. Baƙin albarushi da Pyrodex suna shan danshi, a watan Agusta gwangwanin da aka bari a buɗe ƙarfinsa yana raguwa, wani ya tashi wani ya yi jinkiri. Cikar da ka gwada da hunturu kar ka rantse a kanta da damina.

Baba_Makeri_Ningi:
Yara, na ga kun bar tambaya ta uku, ita ce kuma ta fi shafar mutanenmu. Waɗannan na zamanin nawa ne a duk jihar? Adaka ce a hannun jama'a.

Amsa ita ce a'a. Ko kusa. Lambar 150, ko 100, ko 80, babu wadda ta shafi adakar gida. Bututun na zamani daga curin ƙarfe guda ake huda shi, an san irin ƙarfen, an san kaurinsa, toshiyar gindinsa da zare take shiga. Adaka kuwa da abin da aka samu ake yi. Mafi muni bututun famfo, don shi lanƙwasa faranti aka yi aka ɗinke, in ka leƙa ciki da tocila za ka ga layin ɗinkin daga baki har gindi. Ruwa aka yi shi ya ɗauka. Ranar da zai buɗe, ta wannan layin zai tsage kamar rake. Sai gindi, wanda sau da yawa walda ce kawai ta riƙe shi, gindin nan kuwa fuskar maharbi yake kallo.

Ga tsatsa. Dattin baƙin albarushi yana jawo danshi, yana cin ƙarfe daga ciki, a daidai inda albarushi yake kwanciya, wurin da matsi ya fi yawa. Daga waje sumul, an shafe da mai, daga ciki kuwa ya zama kamar saƙar zuma. Bindigar da ta ɗauki wata cika shekara goma tana iya ƙin ta a shekara ta sha ɗaya. Duk wanda ya ba ka lamba ya ce ita ce amintacciya a adaka, bai ga cikin bututunka ba.

Dan_Bogoro77:
Baba, ranka ya daɗe, amma iyaye da kakanni da ita suka yi farauta. Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa.

Sista_Ummu_Sadiq:
@Dan_Bogoro77 haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ka duba inda hannun hagu yake zama in an ɗaga bindiga: a ƙarƙashin bututu, ɗan gaba kaɗan da inda albarushi yake. In ta fashe, babban yatsa da manuni da tafin hannu ne suke fara tafiya, sai ido, sai kunne. Raunin kuma ba mai tsabta ba ne, da ɓarɓashin ƙarfe da katako da toka a ciki. In ya faru, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti, a yi allurar tetanus. Kar a zuba toka ko ƙasa ko man birki, kar a ciro ƙarfen da ya nutse, wanda ya shiga ido kuwa ko taɓa shi kar a yi. Tabarau na kariya irin na masu walda da gurinda, farin, kuɗinsa bai kai na katin asibiti ba.

Injiniya_Yelwa:
Maganar Baba ta tuna min da batun hatimi. A Turai akwai gidajen gwaji na hukuma, bindiga ba ta shiga kasuwa sai an harba ta da cikar da ta wuce ta aiki an buga mata hatimi a bututu. Na Birmingham a Ingila tun 1813 yake, Italiya nata yana Gardone Val Trompia, Sifaniya a Eibar. Amurka ba ta da dokar da ta tilasta wannan, kamfani ne yake gwada kayansa da kansa. Don haka maganar Dan_Bogoro77 cewa ai sun gwada da abin da ya fi haka, ko da gaskiya ce, wannan rarar an bar ta ne saboda kuskure da tsufan ƙarfe, ba don ka cinye ta da gangan ba.

Akwai wadda aka ƙera don cika 200, Remington 700 Ultimate, amma tsarin kunna wutarta daban ne, nauyinta ma daban. Lambarta tata ce.

Tsohon_Soja_Billiri:
Ku bar batun giren goma sama ko ƙasa. Abubuwan da suke fasa bindigar ɗuri, ta zamani ko ta gida, sanannu ne.

Na farko albarushi marar hayaƙi. Wannan ɗabi'a ta farke kwanson bindiga mai baki biyu a juye garin cikin adaka, ita ce kan gaba. Garin nan ba ɗan'uwan baƙin albarushi ba ne ko da launinsu ya zo ɗaya. Shi yadda matsi yake ƙaruwa haka cinsa yake ƙara sauri, abin da ke cikin kwanso ɗaya ma ɗan kaɗan ne, an auna shi ne don bututun da aka yi dominsa. In aka cika ma'aunin ɗuri da shi, gurneti aka haɗa. Babu wani "ɗan kaɗan" ko "a gauraya". A jikin bututun na zamanin ma an zana gargaɗin da turanci. Kamfanin Savage sun taɓa fitar da wata, 10ML, wadda aka ƙera musamman don irin wannan gari, ita ma da nata ƙa'idojin, kuma sun daina yin ta. Kan ashana da garin nakiyar wasan yara su ma haka, gogayyar sanda kaɗai tana iya tayar da su hannunka yana kan baki.

Na biyu, harsashin da bai sauka ya zauna a kan albarushi ba. In akwai sarari tsakaninsu, harsashin ya zama toshiya, bututu ya kumbura a wurin ko ya tsage.

Na uku ɗuri biyu. Mutum ya zuba, aka yi masa magana, ya manta ya sake zubawa. Ko bindigar da aka jingine da ɗuri tun bara, wani ya zo ya ƙara nasa a kai.

Na huɗu laka ko gidan zanzaro a baki.

Na biyu da na uku maganinsu ɗaya, kuma kyauta ne. Bindiga tana wofi, ka saka sandar ɗuri har ƙasa, ka yi zane a jikinta daidai bakin bututu. Ka ɗura cikarka yadda ya kamata, ka sake sakawa, ka yi zane na biyu. Daga ranar, duk ɗurin da zanen bai zo daidai baki ba, ba a harba shi. A cire toshiyar gindi a turo shi waje.

Gwanin_Saiti_Gombe:
Na biyun nan yana da alaƙa da Triple Seven. Da firaima 209, irin ta kwanson bindiga mai baki biyu, mai zafi, yana barin wani zobe na datti mai tauri a daidai inda harsashi yake zama. A ɗuri na biyu ko na uku sai sanda ta tsaya a kan zoben, ka ji kamar ka kai ƙasa, alhali da saura. Wanda ba shi da zane a sanda ba zai gane ba. Shi ya sa shafa ƙyalle tsakanin harbi ba don saiti kaɗai ba ne.

Kawu_Sale_Dass:
A ƙara da wanda ya ƙi tashi. Ka ja kunama, firaima ta yi ƙara, bindiga shiru. Kar ka sauke, kar ka leƙa. Bakin yana kallon allo, ka ƙirga minti ɗaya cur, don wuta tana iya cin hanya a hankali. Sannan ka cire firaimar, ka sake danna harsashin da sanda kafin ka sa wata, saboda ƙarfin firaima kaɗai yana iya tura shi gaba da yatsa ɗaya ko biyu, ka ga an koma matsalar Tsohon_Soja ta biyu.

Kuma ba a zuba albarushi daga gwangwani ko ƙaho kai tsaye cikin bututu. A ma'auni ake zubawa, a rufe gwangwani, sannan a juye. In akwai ragowar garwashi a ciki, gara ma'auni ɗaya ya kama da duk gwangwanin ya tashi a hannunka.

Dogari_Kofar_Ran:
Tunda an zo nan, masu harbin hawan Sallah fa? Su ai babu harsashi, albarushi ne da tsumma ko takarda. Shi ya sa suke cikawa don ƙara ta fi ta na gefe.

Tsohon_Soja_Billiri:
@Dogari_Kofar_Ran Malam, tsumman da aka danna da ƙarfi aka daka da sanda shi ma nauyi ne, yana riƙe matsi kamar harsashi, kuma a kusa yana huda fata ya fasa ido. Gasar ƙara ita ce take sa a ninka cika a kuma ninka dakan, a bututun da Baba_Makeri ya gama bayaninsa. Ga gaggawar sake ɗuri a cikin taro bututu da zafi. Ga sandar da ake mantawa a ciki, ita kuwa mashi ce. Baki sama, nesa da dawaki da yara, cika ɗaya da aka sani, kuma babba ɗaya ya duba bindigogin kafin a fito.

Lauya_Dukku:
Wata gaɓa da ba a taɓo ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi rukuni uku, ta sa na ɗuri irin su adaka a rukuni na uku, lamarinsu yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Kar mutum ya ɗauka don ta baki ake ɗura ta zamanin, shi ke nan hukuncinta ɗaya da adaka, domin ita bututunta da murɗi a ciki. A je a tambaya a hedikwata kafin a kashe kuɗi, shigo da ita da albarushinta ma sai da izini. Sannan Yankari ba wurin farauta ba ne, kowace irin bindiga ce a hannunka.

Malam_Lissafi_Azare:
Murɗin da Lauya ya ambata shi ne rabin amsar saiti, mu koma kansa. Ana rubuta shi kamar 1:28, wato harsashi yana juyawa sau ɗaya a tafiyar inci 28. Na zamani galibi 1:28 ne, don dogon harsashi cikin rigar roba, mai kaurin .45 ko .44 a bututun .50, nauyin giren 240 zuwa 300. Tsofaffin samfura masu harba dunƙulen dalma a naɗe da ƙyalle nasu a hankali yake, 1:60 ko 1:66. Akwai 1:48 a tsakiya, mai ɗaukar duka biyun ba tare da ya ƙware a ɗaya ba.

In ka sa dunƙulen dalma a 1:28 ka bi shi da cika 100, ƙyallen yagewa zai yi, dalmar ta tsallake murɗin, harbi ya watse. A irin wannan sai an sauko ƙasa sosai. A mai 1:66 kuwa, dalma mai kaurin .490, nauyinta wajen giren 177, ƙyalle mai kaurin inci .015 da ɗan maiƙo, tsohuwar ƙa'ida ita ce ka fara da cika daidai lambar kaliba, wato 50, kana hawa da biyar biyar. Yawanci tsakanin 60 da 90 ake tsayawa. Shi ma ƙyallen a tsince shi a duba. Baƙin da'ira a tsakiya da gefuna a ɗan tsefe, lafiya. Huda ko ƙuna, ya yi siriri ko cikar ta yi yawa.

Injiniya_Yelwa:
Da girman ƙwayar garin, wanda ake rubutawa da harafin F, yawan F laushin gari. FFg na kaliba .50 zuwa sama, FFFg ya fi laushi, ya fi saurin ci, na ƙananan kaliba ne, in za a sa shi a .50 ana rage cika. FFFFg na kaskon kunna wuta ne a bindigar ƙanƙara, ba a ɗura shi a matsayin cika.

Auwal_Misau:
Malam_Lissafi, ban yarda da 90 a gajeren bututu ba. Akwai lissafin da tsofaffin maharban dalma suke yi: faɗin ramin bututu a murabba'in inci, sau tsawonsa, sau 11.5. A .50 mai tsawon inci 28 yana ba da wajen 63. Abin da ya haura nan ribarsa kaɗan ce.

Malam_Lissafi_Azare:
Lissafin na san shi, 0.196 sau 28 sau 11.5, haka ne 63. Amma ba iyakar aminci yake nunawa ba, kuma na'urar auna gudu tana nuna gudun yana ci gaba da hawa bayan nan, sai dai a hankali. A ɗauke shi wurin farawa. Allo ne alƙali.

Baba_Makeri_Ningi:
Dalmar ma a kula. Mai laushi ake so, wadda farce yake zanawa. Ta batirin mota ba ta da kyau, narka ta kuma guba ce, hayaƙinta da ƙurarta yara suke fara kamawa, wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai narka ta a tsakar gida kusa da murhu ba. Boris da guntun rodi kuwa ba sa lotsawa. In suka gicciye a bututu babu inda matsi zai bi sai ta jikin ƙarfe.

Dan_Bogoro77:
Na ji duka. Amma har yanzu, gwanki ko gada a mita 150, ba 150 ɗin ce za ta fi kai wa ba?

Gwanin_Saiti_Gombe:
Za ta rage faɗuwar harsashi da 'yan yatsu, gaskiya ne. Amma faɗuwa abu ne da ake aunawa a sani, ka harba a 100, ka harba a 150, ka rubuta a takarda ka manna a gindin bindiga. Watsewa kuwa ba a gyara ta da lissafi. In cika 100 tana haɗa maka uku cikin santimita 5 a mita 100, 150 kuma tana watsa su cikin 15, to a mita 150 na biyun ya haura santimita 20, ya fi faɗin inda ake nema a jikin gada. Akwai bindigar da take haɗa harbi da dunƙule uku, ban musa ba, musamman mai bututu inci 28 zuwa sama da roba mai tauri. In taka ce, allo zai nuna.

Ka duba toshiyar gindi ma. Ramin da wutar firaima take bi yana cikewa da gawayi, ƙaramar hudar ƙarshensa kuma tana faɗaɗa da yawan harbi, cika mai yawa ta fi saurin cinye ta. In ta faɗaɗa za ka ga firaima tana fitowa baƙi ƙirin, saiti ya fara yawo ba dalili. Canza ta ake yi. A shafa man hana kamewa a zarenta kafin a ɗaura, in ba haka ba ranar kwancewa sai an je gun Baba.

Maharbin_Kaltungo:
To wanki fa? Wani a majalisa ya ce Blackhorn ba a wanke shi da ruwa.

Kawu_Sale_Dass:
Ya yi gaskiya. Baƙin albarushi da Pyrodex da Triple Seven ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ranar da aka yi harbin, a busar sosai, a shafa mai kaɗan. Blackhorn da man wanke bindiga irin na harsashin zamani. Kuma shi sai firaima 209 cikakkiya, hular tsofaffin bindigogi ba ta tayar da shi yadda ya kamata. Kafin ɗurin farko a goge man da ke cikin bututu da busasshen ƙyalle, a tayar da firaima ɗaya ko biyu a wofi, baki yana kallon ƙasa kusa da ganye. In ganyen ya motsa, hanyar wuta a buɗe take.

Auwal_Misau:
Sai dai harbin farko daga wankakken bututu ba ya faɗa inda na biyu yake faɗa. Wanne ake saita madubin hange a kansa? Ni na ce na farkon, don shi ne na daji.

Gwanin_Saiti_Gombe:
Da Blackhorn wasu sun fi son su ɓata bututun da firaima biyu ko uku tukuna. Da Pyrodex kuwa ba za ka yini da datti a bututu a watan Agusta ba. Injiniya, kai me ka gani a bambancin tazarar?